Cefanen Kullum Ko Sayayyar Wata: Wanne Ya Dace Da Gidanka?

Ƙanena da ya yi aure bayan Babbar Sallah ya same ni a zaure wata Juma'a da yamma, ya zauna ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito da abin da ya kawo shi. Ya ce, "Yaya, shawara nake nema. In riƙa ba ta kuɗin cefane kowace safiya kamar yadda muka taso muka ga Baba yana yi wa Inna, ko kuwa in albashi ya shigo in yi sayayyar wata gaba ɗaya in huta?" Na buɗe baki zan ba shi amsa a tsaitsaye, sai na ga ashe tambayar ta fi yadda na ɗauke ta nauyi, domin duk wanda ya zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu ya riga ya yanke hukunci a kan abubuwa uku ko da bai sani ba, wato a hannun wa kuɗin gida za su zauna, lokacin wa za a ci kafin su zama tuwo, kuma wa zai samu sararin hutawa bayan an gama.

Cefanen kullum shi ne wanda mafi yawanmu muka sani a Sakkwato. Maigida zai ajiye kuɗi a kan faifai ko a ƙarƙashin matashi kafin ya fita, idan kuma aljihu babu komai sai ya ce zai aiko. Daga nan uwargida ta kira yaro ta lissafa masa: man gyaɗa na ɗari biyu a ƙulle a leda, magi uku, kashin tattasai da tarugu, daddawa ɗaya, gwangwani huɗu na shinkafa, sai gawayi a wurin maƙwabciya. Kafin magariba an cinye komai, gobe kuma a sake sabon lale. Sayayyar wata kuwa ita ce maigida ya shiga Babbar Kasuwa ko Tsohuwar Kasuwa idan kuɗi sun shigo masa, ya ɗauko rabin buhun shinkafa, da 'yan kwanonin gero da wake, da galan na mai, da katan ɗin taliya, da sabulu, a jibge su a sito, sannan ya ware kuɗin miya ya danƙa wa matarsa ta riƙa juyawa har wata ya ƙare.

Ya kamata a kawar da wata shubuha tun daga farko, domin na sha jin dattawa suna cewa cefanen kullum shi ne tawakkali, matasa kuma suna cewa sayayyar wata ita ce wayewa. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun daɗe da raba wannan gardama. A babin ciyarwa na littafin Muhtasar, Shehu Halil ya ce ana ƙaddara ciyar da mace gwargwadon halin miji, ko dai a kullum, ko a mako, ko a wata, ko a shekara. Masu sharhi suka fayyace cewa na kullum ya dace da masu sana'ar hannu da 'yan ƙodago, na wata ya dace da masu karɓar albashi irin ma'aikatan makarantu da masallatai da wasu sojoji, na shekara kuma ya dace da masu gonaki da lambuna. Haka kuma ya tabbata a Buhari daga Sayyidina Umar cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan ajiye wa iyalansa abincin shekara daga dabinon Banu Nadir. Saboda haka tanadi bai saɓa wa tawakkali ba, mai ɗan abin da yake samu a kullum kuma bai gaza ba don ya ciyar a kullum. Ma'aunin farko shi ne yadda kuɗi suke shigo wa mutum. Ɗan kabu-kabu ko tela ko mai wankin hula ba zai yi sayayyar wata da kuɗin da bai riga ya samu ba.

Ta fuskar farashi babu wata doguwar muhawara, domin sayayyar wata ta fi sauƙi. Duk lokacin da aka gutsura kaya sai an ɗora musu riba. Mai sari ya sayar wa mai shago da buhu, mai shago ya sayar wa mai tebur da kwano, mai tebur ya sayar da gwangwani, kowannensu kuma sai ya fitar da ladan wahalarsa da kuɗin leda da abin da ya zube a ƙasa. Wanda ya sayi mai a ƙulle sau talatin a wata ya biya kuɗin da suka fi na galan, alhali man da ya shiga tukunyarsa bai kai galan ba. A nan ne ake gane cewa talaka shi ne yake sayen abinci da tsada fiye da kowa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, wanda idan aka raba shi kwana 30 bai wuce naira 2,333 a rana ba, kuma a ciki ne za a fitar da haya da kuɗin ga-ruwa da na makaranta da na magani. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya nuna cewa fiye da rabin abin da gidajen Najeriya suke kashewa a kan abinci yake tafiya, don haka ko ɗan ragin da aka samu a farashin abinci yana da tasiri babba a kan sauran lalurori. Sai dai sari yana buƙatar jari a dunƙule, kuma a jiharmu ta Sakkwato, inda rahoton hukumar na 2022 ya ce kusan mutum 9 cikin 10 suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, wanda shi ne adadi mafi girma a ƙasar, gidaje masu yawa ba zaɓen cefanen kullum suka yi ba, hali ne ya zaɓa musu.

Shekarun baya-bayan nan sun gwada hanyoyin biyu gwaji mai tsanani. A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, gidajen da suka dogara da cefanen kullum su ne suka fi shan wuya, domin mai kayan miya ba ta karɓar tiransifa, maigida kuma sai ya wuni a layin banki ko ya sayi kuɗinsa da kuɗinsa a wurin mai POS kafin a ɗora tukunya. Wanda yake da hatsi a sito ya ci tuwonsa ko da miyar kuka ce lami. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, farashi ya yi ta hawa har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, kuma a irin wannan yanayi buhun da aka saya a farkon wata ya fi kuɗin da aka ajiye daraja a ƙarshensa. Amma a 2025 hatsi ya karye a kasuwannin Arewa, waɗanda suka tara da tsada suna jiran ya ƙara hawa suka yi asara. Darasin da ke ciki ga magidanci shi ne ya sayi abin da gidansa zai ci, kuma ya saya da kaka lokacin da sabon gero da shinkafa suke shigowa daga su Wurno da Goronyo da Acida, ya bar caca da farashi ga 'yan kasuwa.

Akwai kayan da sayayyar wata ba ta karɓe su ba sam. A garin da zafi yakan haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, kwandon tumatir da aka ɗauko da araha a kasuwar Ramin Kura zai iya zama ruwa cikin kwana uku, nama kuwa ba a ma maganarsa. Iyayenmu sun magance wannan da kauɗa da busasshiyar kuɓewa da kuka da barkono, kuma har gobe dabarar tana aiki. Wake ma yana da nasa abokin gaba, domin idan ƙwari suka shige shi sai a tarar da rabin kwano ya zama gari, sai fa idan an zuba shi a jarka an toshe ko a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda yake kashe ƙwarin ta hanyar hana su iska ba tare da an sa magani ba. Ɓera da lema da gara duk suna da rabonsu a sito marar kyau. Wanda yake zaune a ɗaki ɗaya na haya ya yi wannan lissafi kafin ya kinkimo buhu.

Asarar da ta fi ta ƙwari kuwa ita ce wadda mutane suke yi da hannunsu, kuma kowace hanya tana da irin tata. Idan akwai buhu a ɗaki hannu yakan yi nauyi wajen awo, a dafa kwano inda rabi zai isa, a wayi gari ana zuba wa kaji sauran tuwo. Maƙwabta ma suna da ido, ba a rasa yarinyar da za ta shigo da kwano ta ce, "Wai in ji Innata, a ranta mata gero kafin Babanmu ya dawo," kuma kowa ya san irin wannan rance ba kasafai yake dawowa ba. Masu goyon bayan cefanen kullum sukan kafa hujja da wannan, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne cewa kuɗin da aka bari a aljihun maigida da sunan za a riƙa cefane da su kullum su ma suna yoyo, har sun fi hatsi saurin yoyo. Ɗan'uwa zai zo da takardar asibiti, aboki zai ɗaura aure, a sayi kati, a biya wa majalisa shayi da tsire, a zuba wa mashin mai, kafin ranar 20 ga wata sai a koma cin bashi a wurin mai shago. Shinkafar da ke sito aƙalla ba a sayen katin waya da ita.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wato a hannun wa kuɗin suke, kuma masana tattalin arziki sun daɗe suna tafka muhawara a kanta. Gary Becker na Jami'ar Shikago a Amurka, wanda ya samu lambar Nobel a 1992, ya ɗauki gida a matsayin abu guda mai aljihu ɗaya da buri ɗaya, ta yadda ko kuɗi sun shigo ta hannun miji ko ta hannun mata, abin da za a saya ba zai sauya ba. Bincike daga baya ya nuna ba haka abin yake ba. A Birtaniya, tsakanin 1977 da 1979, gwamnati ta soke rangwamen harajin yara da yake shiga albashin uba, ta mayar da shi tallafin da ake biyan uwa kai tsaye. Jimillar kuɗin gida kusan ba ta sauya ba, amma wasu masana uku, Lundberg da Pollak da Wales, sun nuna a 1997 cewa kuɗin da ake kashewa a kan tufafin yara da na mata sun ƙaru idan aka gwada da na maza. A Afirka ta Kudu kuma Esther Duflo ta gano cewa idan kaka mace ce take karɓar fansho, jikokinta mata sukan ƙara tsawo da nauyi, alhali ba a ga irin wannan sauyi ba idan kaka namiji ne yake karɓa. Ba wai maza ba sa son 'ya'yansu ba ne. Wanda yake tsaye a kan tukunya shi ne yake ganin yaron da bai ƙoshi ba da wanda takalminsa ya tsinke, shi kuma wanda yake waje buƙatun waje ne suke fara tarar sa.

Mu dai Hausawa ba mu taɓa zama masu aljihu ɗaya ba, kuma ba mu ɓoye hakan ba. A ƙauye akwai gandu akwai gayauna, a cikin gida kuma akuyar mace tata ce, kayan ɗakinta nata ne, ribar ƙuli-ƙulinta da furarta da kitsonta tata ce, har ma takan sayar wa mijinta da abin da ta sarrafa ya biya ta. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta yi mamakin girman cinikin da matan kulle suke yi daga cikin gidajensu ta hannun yara, har ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Shari'a ma haka ta tsara, domin aya ta 34 a Suratun Nisa'i ta ɗora ciyarwa a kan maza, aya ta 32 kuma ta tabbatar wa mata rabonsu daga abin da suka nema. Wannan rabuwar aljihu tana kare mace, amma tana da tata tsadar idan babu shawara a tsakani. Christopher Udry ya nuna a 1996 cewa a Burkina Faso gonakin mata suna ba da amfanin da ya gaza na mazajensu da kimanin kashi 30 cikin 100, a gida ɗaya, da shuka iri ɗaya, a shekara ɗaya, saboda taki da ƙwadago suna taruwa a gonar miji ko da gonar matar ce ta fi buƙatarsu.

A ganina babban aibin cefanen kullum yana nan ne, kuma aibi ne da ba ya fitowa fili. Maigida zai ajiye kuɗin da ya saba ajiyewa tun bara, alhali kayan miya sun ninka, ya dawo da dare ya tarar da tuwo da miya mai daɗi, ya ci ya yi hamdala yana zaton kuɗinsa ne suka yi wannan aiki. Gaskiyar magana ita ce uwargida ce ta yi ciko daga kuɗin adashinta ko ribar ƙosanta, ɗari biyu yau, ɗari uku gobe, kuma da yake cikon ƙanana ne babu wanda yake ƙirga su, har ita kanta. Na san wata baiwar Allah a Mabera da ta karya jarin sana'ar ɗinkinta kaf a kan cikon cefane cikin shekara biyu, ranar da ta gaya wa mijinta kuwa ya rantse bai taɓa sani ba, kuma na yarda da rantsuwarsa. Abin da mace ta ciyar da son ranta sadaka ce mai lada biyu, kamar yadda aka gaya wa Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud, amma sadaka daban, bashin da aka ci ba da sanin mai shi ba daban. Sayayyar wata tana tona wannan asiri, domin idan aka ware kuɗin miya a dunƙule suka ƙare ranar 18, dole a zauna a yi magana, ko dai a ƙara ko a rage buri. Sai dai ita ma tana iya zama zalunci idan maigida ya yanke adadi ya kafe a kai, ya mayar da duk tashin farashi da duk baƙon da ya kawo ya zama matsalar matarsa, in ta yi magana ya ce ba ta iya tattali ba.

Lokaci kuma dukiya ce da ba mu saba sa ta a lissafi ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mata ne suke yin fiye da kashi uku cikin huɗu na aikin gida da reno da ba a biya a duniya, kimanin awa 4 da minti 25 a rana, maza kuma awa 1 da minti 23. A gidan da ake surfe da kai niƙa da hura itace da jiran mai ruwa, kowa ya san aikin ya wuce haka. Cefanen kullum yana ƙara wa wannan nauyi wani abu mai cin rai, wato jira. Matar da mijinta ya ce zai aiko ba ta da ikon tsara wuninta, domin ba ta san ko saƙon zai iso da hantsi ko sai bayan azahar ba, ba ta kuma san abin da zai ƙunsa ba. Idan ya iso a makare sai ta shiga madafa da tsakar rana a watan Afrilu, yara sun dawo daga makaranta suna kuka, abincin rana ya koma na la'asar, na dare ya kai bayan isha'i, makarantar Islamiyyar da take zuwa da yamma kuma ta wuce ta. Yaran ma suna biyan nasu kason, domin wanda aka aika sau biyar a rana, sayen magi, kai niƙa, karɓo gawayi, shi ne yake makara a makarantar allo da ta boko. Matar da take da kaya a sito kuwa tana iya surfa geron mako guda a rana ɗaya, ta kai niƙa sau ɗaya, ta jiƙa wake tun dare, ta sauke abincin rana kafin rana ta take.

Wannan magana ta lokacin mata ba baƙuwa ba ce a garin nan. A cikin littafinsa Nurul Albab, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna mu'amala da su kamar kayan aikin gida da ake mora har su fashe a jefar, suna kuma ɗora musu hidimomi don biyan buƙatar kansu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru inda jajojinta, wato malamai mata da ta naɗa, suke kai karatu ga matan ƙauyuka. Duk wannan bai yiwuwa sai mace tana da wani yanki na wuninta da yake nata. Muhtasar ɗin da na ambata ya ɗora wa macen da ba a yi wa hadima hidimar cikin gida irin kwaɓa da shara da shimfiɗa, amma ya cire mata saƙa da kaɗi, wato aikin neman kuɗi, wanda yake nuna cewa ba a tilasta mata ta yi sana'a don ta cike giɓin ciyarwa.

Game da hutu, gaskiya ita ce sayayyar wata maigida ta fi hutarwa. Ya shiga kasuwa sau ɗaya ya gama, sauran kwanaki in ya tashi daga aiki sai majalisa, ko gidan kallon ƙwallo, ko hira a bakin shago har dare. Aikin lissafi da tunanin me za a dafa da fargabar kada kaya su ƙare duk sun koma kan uwargida, wadda ta zama ma'aji kuma mai sito ba tare da an ƙara mata komai ba. A cefanen kullum aƙalla maigida yana taɓa kasuwa da hannunsa, yana jin farashi da kunnensa, ba sai an ba shi labari ya yi musu ba. Don haka wanda ya zaɓi sayayyar wata ya sani cewa ya sayi hutunsa ne da lokacin matarsa, kuma adalci shi ne ya biya. Hanyar biya mafi sauƙi ita ce a yi yarjejeniya tun farko cewa duk abin da ta rage daga kuɗin miya ta hanyar iya tattalinta nata ne, ba a tambayar canji. Hakan yana sa ta yi tattalin da gaske, yana kuma ba ta abin gudunmawar biki da suna da kuɗin mota zuwa gidansu ba tare da ta tsaya tana roƙo ba.

Gidan da yake da mace fiye da ɗaya lissafinsa daban ne, kuma a nan cefanen kullum yana da wata fa'ida da ba a raina ta. Mai girki ita take karɓar kuɗin ranar, gobe ko jibi abokiyar zamanta ta karɓi daidai abin da ta karɓa, kowa yana gani, babu zargi. Da zarar an kawo buhu sai tambayar makulli ta taso. Idan aka ba uwargida, amarya za ta ga kamar roƙo take yi a gidan mijinta, idan aka bar sito a buɗe kuma shinkafa ta ƙare kafin lokaci, kowace za ta ce ɗayar ce mai nauyin hannu. Magidantan da na ga sun zauna lafiya da sayayyar wata a irin wannan gida su ne waɗanda suke raba kayan tun ranar da aka kawo su, a auna a gaban kowa da kwano ɗaya, kowace ta kai nata ɗakinta gwargwadon kwanakin girkinta, a kuma yi la'akari da yawan bakin da ake ciyarwa a gidan gaba ɗaya. Haka abin yake a babban gida inda 'yan'uwa suke tukunya ɗaya da iyayensu, inda wanda ya kawo buhu yakan ji kamar shi kaɗai yake ciyar da gidan, wanda yake kawo kayan miya kullum kuma ba a ganin nasa ko da jimillarsa ta fi.

Idan aka auna duka, ga mai albashi ko ɗan kasuwar da yake iya tara kuɗi a dunƙule, hanyar da na fi gamsuwa da ita ita ce a raba kayan gida biyu. Busassun kaya, wato hatsi da wake da mai da sabulu da makamashi, a saye su na wata, ko na watanni da kaka idan akwai hali da wurin ajiya. Ɗanyun kaya kuma a ba uwargida kuɗinsu na mako-mako, domin mako ya isa ta tsara aikinta ta aika Kasuwar Daji sau ɗaya ko biyu, bai kuma yi tsawon da kuskuren lissafi ko tashin farashi zai jefa gida cikin yunwa ba. Mai samun kullum shi ma ba a rufe masa ƙofa ba. Zai iya ci gaba da cefanensa na kullum, amma ya ba da kuɗin gobe tun daren yau don a kawar da jira, sannan ya shiga adashin mako da zai riƙa kwasa yana sayen abu ɗaya a dunƙule, wannan karon galan na mai, karo na gaba kwano goma na gero, har a wayi gari abin da ake saya a ƙulle ya ragu zuwa kayan miya kaɗai.

Ƙanena malamin firamare ne, saboda haka na ce masa ya gwada rabin buhun shinkafa da kwano goma na gero da galan ɗaya na mai, kuɗin miya kuma ya riƙa bayarwa kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na ƙara masa da cewa su sayi ɗan littafi na naira ɗari biyu su ajiye a kan firji, duk abin da aka saya a rubuta, duk cikon da ta yi daga aljihunta ita ma a rubuta da sunanta, ranar albashi ya fara biyan wannan kafin ya biya mai shago, sai fa in ita ce ta ce ta yafe da bakinta. Ya yi dariya ya ce ai ba su da firji tukuna, na ce to a kan taga. Bayan wata biyu ya dawo ya gaya mini cewa shinkafar tana kai su kwana 40, man kuwa ba ya wuce mako uku, kuma littafin ya nuna masa cewa kuɗin miyar da ya yanke da farko sun gaza da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, don haka ya ƙara, ya rage zaman shayin da yake yi a Gawon Nama zuwa ranakun Asabar da Lahadi.